Yadda Ake Kiwon Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Gonar Masara

Da an ce "ƙwayoyin da ido ba ya gani", hankalin mutanenmu kan tafi wajen cuta. Amma daudawar da ke cikin miyarka aikinsu ce. Bakteriyar da ke ruɓar da kalwa ko ɗiyan yakuwa har su zama daudawa, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ita ma a cikin ƙasa take zama, kuma tana cikin masu taimakon saiwar masara. Na daɗe ina noman masara a wani ɗan fili a bakin Gulbin Maradi, damina da rani, kuma abin da shekaru suka koya mini shi ne waɗannan halittu kiwonsu ake yi kamar awaki. Suna son ci, suna son laima, suna son inuwa. In ka ba su, su kuma su yi wa saiwa hidima.

Kayan da za ka tanada

Irin masara mai tsabta wanda ba a riga an shafa masa magani ba. P3 Kollo na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ya dace da mu, haka ma irinka na gida in ka zaɓe shi da kyau. Kashin shanu, na awaki ko na tumaki, da karmami, ɓawon gujiya, ganyen da ya zube da toka kaɗan. Ƙasar gindin gawo kamar bokiti biyu. Ƙaro ko sukari. Ruwan rijiya. Tasa mai faɗi, buhu mai tsabta na shanya, sungumi, hauya, igiya, turaku, da marfin kwalbar lemo na awon taki. Takin zamani 15-15-15 da yuriya, gwargwadon ƙarfinka. Littafi da biro, domin ba a dogara da ƙwaƙwalwa a aikin gwaji.

Sai ƙunshin bakteriyar da ake sayarwa, in ka samu. Yakan zo gari baƙi kamar gawayi ko ruwa a gora, kuma a jikinsa za ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan: Azospirillum, Azotobacter, Bacillus ko Pseudomonas. Ba kowane shagon kayan noma ke da shi ba. Ka tambayi malaman gona na yankinku, ko cibiyar INRAN da ke Tarna, ko sashen noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. In ba ka samu ba, aikin bai tsaya ba, akwai hanya a mataki na huɗu.

Ɗan abin da ya kamata ka sani tukuna

Masara ba ta cinye duk abincin da ganyenta ya haɗa. Tana tsiyayar da wani kaso ta saiwa, ruwa mai zaƙi da majina-majina, kuma a kan wannan ne bakteriya ke taruwa. Shi ya sa ƙasar da ke manne da saiwa ta fi ta tsakanin kunya yawan halittu nesa ba kusa ba. Wani masani Bajamushe, Lorenz Hiltner, shi ya fara ba wannan ɗan zagayen na jikin saiwa suna a 1904. Masara ma tana zaɓen baƙinta: tana fitar da sinadaran da ke jawo wasu su kuma kori wasu.

Aiki uku suke yi mata. Wasu na kamo azot daga iska, sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya, alhali kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne. Wasu na fitar da ɗan tsami da ke narkar da fosfor, wani sinadarin abincin shuka da ya daskare a ƙasa, kuma ƙarancin fosfor shi ne babban ciwon ƙasarmu ta jigawa. Wasu kuma, musamman Azospirillum, na sa saiwa ta yi rassa da gashi da yawa, ta kai ga ruwa da abincin da da ba za ta kai ba. A ganina wannan na ukun ya fi mana muhimmanci a nan, inda ruwa kan ɗauke kwana goma a tsakiyar damina.

Kada kuma wani ya ce maka sun isa su maye gurbin taki. Masara ba wake ba ce, ba ta yin ƙulluttan saiwa, azot ɗin da bakteriya ke kamo mata kaɗan ne a kan buƙatarta. A Barazil, inda aka fi ko'ina ci gaba a wannan fanni tun aikin masaniya Johanna Döbereiner, an fara sayar wa manoman masara Azospirillum a 2009, kuma wata masaniyarsu, Mariangela Hungria, ta sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025 saboda irin wannan aiki. Duk da haka manomansu rage taki suke yi, ba dainawa ba.

1. Zaɓi wuri, ka raba shi

Shekarar farko kada ka sa duk gonarka. Ka auna mita 20 sau 20 a wurin da ƙasa ta yi iri ɗaya, fadama ko geza ko gonar bayan gida. Jigawa tsantsa da ba ta taɓa ganin taki ba wurin hatsi ce, masara za ta wahala a cikinta ko me ka yi. Ka raba filin gida uku da turaku: ɗaya yadda ka saba nomawa, ɗaya da ruɓaɓɓen taki kawai, ɗaya da ruɓaɓɓen taki da irin da aka shafa wa bakteriya. Ka lura kada kashi ɗaya ya faɗa ƙarƙashin gawo ko tsohon makwancin shanu sauran su faɗa fili, in ba haka ba inuwar gawo za ka auna, ba aikinka ba.

2. Haɗa ramin taki tun bazara

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan mutane suka fi ƙosawa. Ka fara a watan Maris in kana son shuka a Yuni. Ka haƙa rami a inuwa, zurfin mita ɗaya, faɗinsa da tsawonsa gwargwadon kayan da kake da su. Ka shimfiɗa sassaren kara da karmami kamar taƙi ɗaya, ka yayyafa ruwa, ka bi da kashin dabbobi rabin wannan kaurin, ka barbaɗa toka ɗan kaɗan da ƙasar gindin gawo tafi biyu ko uku. Haka za ka yi ta jerawa har rami ya cika. In ka sami garin dutsen fosfat na Tawa, ka barbaɗa shi tsakanin jerin. Shi kaɗai a gona yana jinkirin narkewa, amma a cikin rami tsamin da halittun ke fitarwa yana cinsa sannu a hankali.

Ka rufe da tsohuwar tabarma ko zana, ka soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu ka zare sandar ka taɓa. In ta yi zafi, aiki ya kankama. In sanyi ƙalau take, ko dai ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabbobi bai isa ba. Awon ruwa a tafin hannu yake: ka dunƙule takin ka matse, ya jiƙa maka hannu amma kada ruwa ya zubo. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa kuma iska ba ta shiga, sai ka tone ka ƙara busasshen karmami. Ka riƙa juyawa duk kwana 15. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, ba ka gane kara daga kashi, ƙamshinsa ya koma irin na ƙasa ranar ruwan fari. Wannan ƙamshin ma wasu bakteriyar ƙasa ne ke yinsa, ana ce musu Streptomyces, don haka hancinka ba ƙarya ya faɗa maka ba.

Hattara da takin juji na cikin gari. Yana da ƙarfi, amma ka tankaɗe shi ka fitar da leda, kwalba da musamman matattun batura. Ɗanyen kashin kaji kuma kada ya je gindin shuka kai tsaye, ƙonawa yake yi. In ruwa ya yi maka wuya a bazara, ruwan wanke hatsi da na alwala sun wadatar, amma ban da mai omo.

Wanda bai sami damar yin rami ba ya nemi tsohon taki da ya kwana shekara a turke, wanda ya riga ya huce.

3. Adana ƙunshin da ka saya

Abu mai rai ka sayo. Ka duba ranar ƙarewar aikinsa kafin ka biya, ka kuma duba inda mai shago ya ajiye shi. Wanda ya yi wata yana shan rana a kan tebur ƙarƙashin kwano, a zafin Afrilu na Maradi da ke haura digiri 40, gawa ce a leda. Wata shekara na sayi ƙunshi lafiyayye, na ɗaure shi a bayan babur na yini ina zirga-zirga a kasuwa, na shafa na shuka, ban ga bambancin komai ba. Na daɗe ina zargin kayan kafin in gane ni na kashe su. Yanzu da na saya gida nake nufa, in sa shi a leda in ɗaure, in ajiye a gindin randa inda yashi ke da laima. Mai firiji ya sa a ƙasa wajen kayan miya, ban da wajen ƙanƙara.

Ka karanta abin da aka rubuta a jiki. Wanda aka yi don waken suya ko gujiya, mai suna Rhizobium ko Bradyrhizobium, nasu ne, ba zai yi wa masara aikin da kake nema ba.

4. Shafa wa iri, ranar shuka

Ranar da za ka shuka, ba jajibirinta ba. Da sassafe, a inuwa.

Ka jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi tun dare, ka tace, ya zama kamar kunu mai ruwa-ruwa, ka bar shi ya huce sarai. In babu ƙaro, cokali ɗaya na sukari cikin cokali tara na ruwa. Ruwan rijiya ya fi, domin na pompo yana da maganin kashe ƙwayoyi. In shi kaɗai gare ka, ka ɗebo ka bar shi a buɗe ya kwana. Ka zuba iri a tasa, ka ɗiga ruwan ƙaron kamar cokalin shayi uku ko huɗu ga kowane kilo, ka juya har kowace ƙwaya ta yi sheƙi ba tare da ruwa ya kwanta a gindin tasa ba. Sannan ka barbaɗa garin bakteriyar bisa awon da aka rubuta a ƙunshi, ka juya a hankali har iri ya yi baƙi-baƙi bai ɗaya. Ka baza a buhu cikin inuwa ya sha iska kamar rabin awa. Abin da za ka iya shukawa kafin azahar kawai za ka haɗa. Mai bin sungumi ya riƙe iri a ƙwarya da ƙyalle a rufe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa wannan da hodar maganin iri a tasa ɗaya. Hodar an yi ta ne don kisa, kuma wasu nau'o'inta na rage bakteriyar ƙwarai. In gonarka na fama da gara ko ƙwarin ƙasa har ba ka iya barin magani, ka shafa maganin ga iri, ita kuwa bakteriyar ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki mai laima ka zuba a rami. Ta haka ba su haɗu ƙirji da ƙirji ba.

In ba ka sami na sayarwa ba, ga abin da nake yi. Ina ɗibar ƙasa daga gindin gawo, ƙarƙashin busasshen ganye, zurfin ɗan yatsa zuwa taƙi, in haɗa da ƙasar da ke manne da saiwar masarar da ta fi kyau a gonar wani na rani. Bokiti ɗaya na wannan cikin bokiti goma na ruɓaɓɓen taki, in yayyafa ruwa, in rufe kwana uku a inuwa. Gaskiya ita ce ba ka san takamaiman waɗanda ka ɗebo ba, amma ƴan gida ne, sun saba da zafinmu da yashinmu, abin da baƙin cikin leda ba su da shi. Sharaɗi ɗaya ne mai tsanani: kada ka kuskura ka ɗebi ƙasa daga gonar da ƙuduji ya taɓa fitowa ko inda shuka ke ruɓewar gindi. Ƴaƴan ƙuduji kamar ƙura suke, kuma suna iya kwana fiye da shekara goma a ƙasa suna jira.

5. Shuka

Ka jira ruwan da ya jiƙa ƙasa har ka tona zurfin tafin hannu ka tarar da laima. Irin da aka shafa wa bakteriya ba a yin binne da shi. Yashi mai zafi zai kashe su kafin ruwa ya zo.

Santimita 80 tsakanin layi, 40 tsakanin rami. A filin nan naka na gwaji rami 1,250 ke nan. A kashi na biyu da na uku, kowane rami ka zuba ruɓaɓɓen taki cikin tafi ɗaya, ka ɗan gauraya da ƙasa, ka sa ƙwaya uku, ka rufe nan take. Takin zamani 15-15-15 cikin marfin kwalba ɗaya, wato kamar giram 6, irin awon da masana na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka yaɗa wa manoman hatsi. Amma ka sa shi gefe, nisan yatsu uku ko huɗu daga iri. Gishiri ne, in ya taɓa ƙwayar yana ƙona tsiro ya kuma kashe abin da ka shafa. Bayan mako biyu ka cire ka bar biyu a rami.

6. Sa wake a tsakani

Bayan kwana goma zuwa mako biyu, ka shuka layin wake bayan kowane layi biyu na masara, ko ka keɓe masa gefe ka riƙa juya su shekara-shekara. Iyayenmu sun yi haka ba tare da sun san sunan kowace bakteriya ba. Yawancin amfanin yana zuwa wa shukar baɗi ne, daga saiwa da ganyen da suka ruɓe, don haka lokacin cire harawa ka yanke daga sama ka bar saiwa a ƙasa.

7. Yuriya, noma da laima

Yuriya kashi biyu za ka raba ta, ɗaya wajen mako uku, ɗaya lokacin da masara ta kai gwiwa zuwa ƙugu, kafin ta fitar da kai. A tona a rufe, ƙasa na da laima. Dalilin rabawa bai tsaya ga gudun kada ruwa ya wanke ba. Bakteriya mai kamo azot, in ta tarar da shi jibge a ƙasa, daina kamowa take yi ta ci na banza, domin kamowar aiki ne mai cin ƙarfi.

Noman fari ka yi shi sama-sama kusa da gindi, kada hauya ta datse saiwar da kake ta wahalar rainonta. Ciyawar da ka nome, in ba ta yi ɗiya ba, ka bar ta kwance tsakanin layi. Ka sa hannu ƙarƙashinta da rana tsaka ka ji, sannan ka taɓa yashin da ke fili. Masu ban ruwa a Jiratawa da gefen Madarumfa su kuma nasu haɗarin akasin haka ne: ruwa ya kwanta a fangali kwana biyu, iska ta ƙare a ƙasa, saiwa ta shaƙe, azot ya gudu sama.

8. Tona ka gani

Wannan matakin na fi so, kuma da wuya ka ga mai yinsa. Tsakanin mako uku da huɗu, da safe, ka tono gindi uku daga kowane kashi. Da hauya za ka ɗago su da ƙasarsu, ba fizgowa ba. Ka girgiza a hankali. A saiwar da ke da rai sosai za ka ga yashi ya manne mata ya yi mata riga, har sai ka murza da yatsa kafin farar saiwar ta bayyana. Gashin saiwa da majinar da ita da bakteriya suka fitar ne suka riƙe shi, kuma cikin wannan rigar laima ke daɗewa ranar da ruwa ya ɗauke. Ka jera su a kan buhu ka kwatanta: wace ta fi rassa, wace ta fi nitsewa, wace ce fara tas, wace ta yi ruwan ƙasa tana wari. Ka rubuta.

Ka duba ganye kuma. Jan-shuɗi a gefen ganyen ƙaramar masara alamar ƙarancin fosfor ce. Rawaya da ta faro daga tsinin ganyen ƙasa ta bi jijiyar tsakiya, yunwar azot ce, kuma a nan kada ka tsaya jiran bakteriya, ka ba ta yuriyarta.

Shi ma waken ka tono gindi ɗaya idan ya kusa fure. Ka fasa ƙullutun saiwarsa da farce. Ja-ja kamar nama, yana aiki. Fari ko kore, bai fara ba ko ya gama. Ƙullutun kirki a gefen saiwa yake, yana ɓallewa in ka murza. In kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, wannan tsutsar ƙasa ce, cuta ce, kada ka kai ƙasar wurin wata gona.

Wani abu da ya kamata ka sani don kada ranka ya ɓaci: bakteriyar da ka shafa ba ta mamaye gona. Ta tarar da dubban iri a wurin, kuma galibi bayan ƴan makonni yawanta kan ragu, ƴan gida su ci gaba da harkarsu. Amfaninta a farkon rayuwar shuka yake, lokacin da saiwa ke kafuwa. Saboda haka ake sake shafawa kowace shuka. Abin da ke sauya jama'ar ƙasa sauyi mai ɗorewa shi ne abincin da kake ba su shekara bayan shekara.

9. Girbi da awo

Ka girbe kowane kashi daban, ka bar layukan gefe, ka shanya daban, ka sussuke daban, ka auna da tiya ɗaya. Ka rubuta har da kuɗin da kowane kashi ya ci. In na uku bai fi na biyu ba, kada ka yanke hukunci da damina ɗaya, ka sake a wani gefen gonar. In shekara biyu a jere bai nuna komai ba, ka bar sayen ƙunshin ka mai da kuɗin ga taki da amalanken da zai kai shi gona.

10. Bayan girbi

Na san kara kuɗi ne, dabbobi na jira, darni na jira, murhu na jira. Ba zan ce ka bar shi duka ba. Ka kwashi na sama, ka bar gindi da saiwa da kamar kashi ɗaya cikin uku kwance a ƙasa, gara za ta shigar da shi ciki. In makiyaya suka nemi sauka a gonarka da rani, ka karɓe su, ka roƙe su su riƙa matsar da makwancin shanun. Lokacin sassabe kada ka tara ka cinna wuta, abincin shekara guda ne kake mai da shi hayaƙi. Toho kuma da ya fito daga kututturen gawo, kalgo ko sabara, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka sassabe sauran, irin sassaben zamanin nan da ya faro a nan yankin Maradi wajen 1983 ya bazu ƙasashe. Gawo shi ma yana da bakteriyarsa a saiwa kamar wake, ga shi yana zubar da ganye daidai shigowar damina, lokacin da masara ke buƙatar rana.

Ka bar ɗan taki a gindin ramin, kamar bokiti biyu, ka rufe shi da zana. Da shi za ka tayar da na baɗi, kamar yadda ake barin ɗan tsohon nono a ƙwarya.